Hutu a Bakin Tafkin La Ronge, Cikin Dajin Masu Tarko

Daga birnin Prince Albert zuwa garin La Ronge, a arewacin lardin Saskatchewan na ƙasar Kanada, tafiyar kusan kilomita 240 ce a kan babbar hanya mai lamba 2. Ƙanena da ke aiki a Saskatoon shi ke tuƙi, ni kuwa ina gefe ina kallon yadda ƙasa ke sauya kama. Gonakin alkama suka janye a hankali, dogayen itatuwa masu siririn ganye suka rufe hanya dama da hagu, har ya zamana sai mu yi tafiya mai nisa ba mu ga ko rumfa ba. Watan Yuli ne, lokacin da duk mai hali a can yake ɗaure kwalekwale a saman mota ya nufi bakin ruwa.

Mun ɗan ratse zuwa Waskesiu, ƙaramin garin shaƙatawa da ke cikin gandun dajin ƙasa na Prince Albert. Wuri ne tsaf-tsaf: rairayi a bakin tafki, yara na wanka, shagunan askirim, filin wasan golf, ga manyan barewa suna kiwo a gefen titi ba su damu da kowa ba. An kafa gandun a 1927, Firaminista Mackenzie King ya buɗe shi a 1928. Da aka shata iyakarsa sai aka haramta farauta da kafa tarko a ciki, mutanen Cree da Métis, 'yan asalin ƙasar da suka daɗe suna cin abinci a wannan daji, suka zama baƙi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mutumin da gandun ya fi tinƙaho da shi. Wani ne da ake kira Grey Owl, wanda hukuma ta zaunar a bakin tafkin Ajawaan a 1931 yana kula da dabbobin ruwa, yana wa duniya wa'azin kare daji da sunan shi ɗan asalin ƙasa ne. Sai da ya mutu a 1938 asiri ya tonu: Bature ne ɗan garin Hastings na Ingila, sunansa Archibald Belaney. Har yau mutane na taka kilomita 20 a ƙasa don su ga bukkarsa. An kori masu daji na gaskiya, an gina wa na jabu ɗaki. Ban taka ba, muka sha shayi muka kama hanya.

Kusa da La Ronge ƙasa ta sake fuska. Duwatsu masu sulɓi, ruwan toka da ja-ja, suka fara ɓullowa daga ƙarƙashin itatuwa, kuma duk inda dutse ya lotsa ruwa ya cika wurin. Garin yana kwance a gaɓar yammacin tafkin, ƙananan jiragen sama masu sauka a kan ruwa suna ɗaure a bakin gaɓa kamar kwalekwale, domin akwai ƙauyuka da sansanoni da yawa a arewa da mota ba ta zuwa. Tafkin kansa yana da tsibirai sama da 1,300. Gandun lardi da ya kewaye shi an kafa shi a 1939, kuma yana cikin mafiya girma a Saskatchewan.

A sansanin Nut Point muka kafa tanti. Zaman daji irin nasu tsararre ne har ya so ya yi yawa. Tun a gida ake kama wuri ta intanet a biya. Kowane wuri da lambarsa, da teburin katako, da murhun ƙarfe a kafe a ƙasa, ba a hura wuta sai a cikinsa. Akwai takardar shiga gandu, akwai lasisin kamun kifi, akwai ɗan littafi mai bayyana yawan kifin da aka yarda mutum ya riƙe da tsawonsa. Da dare dole a kwashe abinci, da tukunya, har da man goge baki, a kulle a bayan mota, saboda baƙar dabbar nan beyar mai hancin tsiya, wadda in ta saba da abincin mutane ƙarshenta harsashi ne. Sauro kuwa sai dai a ce Allah ya kyauta. Ba ya ɗauke da zazzaɓi, amma yawansa kaɗai ya isa ya kori mutum cikin tanti tun magariba ba ta yi ba.

Magaribar ma aiki ce. Rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara da rabi, ta fito kafin biyar, kuma jan shafaƙi ba ya gushewa gaba ɗaya daga arewa, sai dai ya zagaya ya zama alfijir. Ƙanena ya ce, "Yaya, kada ka wahalar da kanka da kallon sama, jadawalin masallacinmu za mu bi." Haka muka yi, barci kuma muka rama shi da hantsi.

Da zaman sansanin kaɗai na yi, da na dawo na ce muku na ga daji wanda ba kowa a ciki, kamar yadda takardun talla ke faɗa. Abin da ya hana ni faɗin haka wata abokiyar aikin ƙanena ce, 'yar ƙabilar Cree daga Stanley Mission, wadda ta yi mana hanyar zuwa wurin kakanninta.

Stanley Mission tana kusan kilomita 80 arewa maso gabas da La Ronge, rabin hanyar tsakuwa ce da ƙura. Garin yana bakin kogin Churchill, wanda a gaskiya jerin tafkuna ne da gangaren ruwa ke haɗa su. A hayin kogin, kan wani tudun dutse, farin cocin Holy Trinity yake tsaye da doguwar hasumiyarsa. An gina shi tsakanin 1854 da 1860 da katakon da aka sare a wurin, gilasan tagoginsa masu launi kuma daga Ingila aka yi jigilarsu. Shi ne gini mafi tsufa da ke tsaye a duk lardin, kuma sai da jirgin ruwa ake isa gare shi. Ƙanen abokiyar tamu, saurayi mai ƙarancin magana, shi ya ɗauke mu a jirginsa na alminiyam mai inji. A wani wuri ya rage gudu ya matsa jikin dutse, ya nuna mana zane-zanen jan ƙasa da kakanninsu suka yi a fuskar dutsen tun ba a san Turawa ba. Ya ɓantari taba ya ajiye a tsagin dutsen, bai ce mana komai ba, mu ma ba mu tambaya ba. Daga nan ya kai mu mafaɗar ruwa ta Nistowiak, inda ruwan tafkin La Ronge ke faɗowa daga tsayin kusan mita 10 kan hanyarsa ta shiga Churchill. Kyakkyawan wuri ne, an ɗauki hoto, an wuce.

Bukkar tsofaffin tana cikin wani lungun ruwa da ni dai ba zan iya komawa ni kaɗai ba. Ɗaki ɗaya ne na gungumen itace da murhun ƙarfe, a gefe ga rumfar ajiya, ga babur ɗin ƙanƙara an lulluɓe shi da tamfol yana jiran lokacinsa. Jikokin suna kiran tsohuwar Kokum, tsohon kuma Mushum, mu ma muka bi bakinsu.

Mun tarar da Kokum a durƙushe gaban wani katako tana gyaran farin kifi da aka ciro daga kalli da safe. Na tsaya na zuba wa hannunta ido. Ba ta cikin ciki take tsaga kifin ba, ta baya take bi, wuƙa na shafar ƙashi har kifin ya buɗe ya zama shimfiɗa guda, fatar ciki ta riƙe ɓangarorin biyu. Ta zare ƙashin baya ta jefa a bokiti, sannan ta yi wa tsokar tsaga-tsaga a kaikaice, kusa da kusa, ba tare da ta huda fata ba, don hayaƙi ya ratsa ko'ina. Kafin in gama kallon ɗaya ta ɗauko na uku. Ana rataye su a kan sanduna cikin wata 'yar rumfa mai tsinin kai da aka rufe da tamfol, a ƙasa wuta ce marar harshe, hayaƙi kawai take tofarwa. Ta ce wutar ita ce dukkan aikin: in ta yi ƙarfi kifi ya dahu ya zube, in ta mutu ƙuda ya sauka. Kayan cikin ma ba a zubarwa duka, akwai ƙwai da hanta da ta ware a kwano.

Da za ta yi mana gurasarsu da ake kira banok, ƙanena ya matsa ya yi mata magana a hankali, domin yawanci da kitsen alade ake kwaɓa ta. Tsohuwa ta yi dariya ta ce jikarta ta riga ta gargaɗe ta tun a waya, ta ɗago jarkar man girki ta nuna mana. Muka ci banok mai zafi da kifi banda da baƙin shayi mai sukari. Na tambaya ko za ta sayar mini da kaɗan in tafi da shi. Ta girgiza kai. Kifin da suka kama da haƙƙinsu na yarjejeniya na ci ne, na gida da dangi da tsofaffin da ba sa iya fita, ba na sayarwa ba. Mai son sayar da kifi sai ya nemi lasisin 'yan kasuwa, da nasa ƙa'idoji daban. Ta ƙara mini wani a faranti ta ce in ci a nan.

Wannan haƙƙi yana da asali a rubuce. A 1876 shugabannin Cree suka ƙulla Yarjejeniya ta 6 da masarautar Ingila, mutanen La Ronge kuma suka shiga cikinta a 1889 ta hannun shugabansu James Roberts. A ciki an yi musu alkawarin za su ci gaba da farauta da su kamar yadda suka saba. An kuma yanka wa kowane mutum dala 5 a shekara, kuma har gobe dala 5 ɗin ake miƙawa, ba a ƙara ko sisi ba. Tsarin mulkin Kanada na 1982 ya amince da haƙƙoƙin yarjejeniya, sannan a shari'ar Sparrow ta 1990 Kotun Ƙoli ta ce bayan kare kifin daga ƙarewa, abincin 'yan asalin ƙasa shi ke gaba da nishaɗin mai fatsa da ribar ɗan kasuwa. A sansani na ji wani maƙwabcinmu yana gunaguni cewa shi an ƙayyade masa kifi 'yan ƙalilan, su kuwa suna zuba kalli. Ni ban ga abin gunaguni ba. Shi ya zo ne da akwatin sanyi cike da nama daga babban kanti, kifin na hoto ne. A arewa kuwa kayan kanti tsada gare su, abin da ke cikin kalli shi ne tuwon dare.

Mushum bai cika son maganar doka ba. Ya ja ni rumfar ajiya, ya ce mun zo lokacin da ba a komai. Fatar rani ba ta da daraja, gashinta sharara ne, sai sanyi ya kama sosai take cika ta yi laushi. Aikin tarko daga ƙarshen kaka yake farawa har narkewar ƙanƙara, a cikin sanyin da kan kai digiri 40 ƙasa da sifili. Tarkuna na rataye a bango jeri-jeri. Ya sauko da wani mai murabba'in ƙarfe biyu da ake kira Conibear, da sunan Frank Conibear wanda ya ƙirƙiro shi, ya ɗana shi da wani dogon almakashin ƙarfe, ya zura sanda. Ƙarar da ya yi sai da na ja da baya. An yi shi ne ya kama wuya ya kashe nan take. Tsofaffin tarkunan da ke cafke ƙafa suna can gefe sun yi tsatsa, tun bayan da Tarayyar Turai ta tayar da ƙayar baya a kansu, aka kai ga yarjejeniyar 1997 tsakaninta da Kanada da Rasha kan irin tarkon da aka yarda da shi.

Babbar dabbar sana'ar ita ce biba, mai faffaɗar wutsiya, wadda ke sare itace da haƙori ta datse rafi ta gina ɗakinta a tsakiyar ruwa. Ana fasa ƙanƙara kusa da ɗakin, a zura tarko a hanyar da take bi ta ƙarƙashi. Ya nuna mini faifan katako mai zanen da'ira-da'ira inda ake kafe fatar da ƙusoshi bayan an kankare kitse, har ta bushe. Naman ana ci, wutsiya ana gasawa, wata 'yar jakar wari da ke jikinta kuma ana busarwa a sayar ko a shafa a tarko don jawo wasu dabbobin. Bayan ita akwai gafiyar ruwa da ake kamawa da bazara, da karen ruwa, da kyanwar daji mai tsinin kunne, da kyarkeci, da matin, 'yar ƙaramar dabba mai hawan itace wadda fatarta ke ɗan kawo kuɗi. Zomo kuwa da zargen waya yara ke kama shi a bayan ɗaki.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne taswirar da ke kansa. Ya ɗauki tsinke ya zana layin tarkonsa a ƙasa: daga wannan lungu a bi rafi, a tsallake tafki biyu, a kewayo ta bayan tudu. Ya san ɗakunan biba nawa ne a kan layin, wanne ya ɗiba bara, wanne zai bari ya huta. Ba ya kwashe gida guda duka. Ya san inda nasa ya ƙare na ɗan'uwan matarsa ya fara, kamar yadda manomi ya san iyakar gonar gado ko da babu shinge. Kuma ba al'ada ce kawai ba, gwamnati ma ta san da shi. Bayan da masu tarko daga kudu suka kwararo a shekarun 1930 suka kusa ƙarar da biba, lardin ya raba arewa gida-gida a 1946, kowane yanki aka damƙa shi ga mazauna wurin. Wani sashe na abin da mu muka biya kuɗi muka shiga da sunan gandun shaƙatawa yana cikin irin waɗannan yankuna. Hanyar da masu kwalekwale ke ɗaukar jirginsu a ka daga tafki zuwa tafki, suna jin kamar su suka gano ta, ƙafar kakanninsa ce ta fitar da ita.

A jikin bango akwai wani dogon katako mai tsaga a tsakiya da hannun ƙarfe. Na ɗauka wani tarkon ne, ashe na su ne. Da shi ake shimfiɗa kalli a ƙarƙashin ƙanƙarar da kaurinta kan kusa mita guda. Ana fasa rami a tura katakon, ya taso ya manne da ƙanƙara ta ƙasa. Duk lokacin da aka ja igiya, haƙorin ƙarfen ya ciji ƙanƙara ya tura katakon gaba. Mutum ɗaya na ja, ɗaya na bin sa ta sama yana sauraron ƙwanƙwasarsa, wani lokaci har ya kwanta ya kara kunne. In ya kai tsawon kalli sai a fasa rami na biyu daidai kansa, a ciro igiya, a ja ragar ta shige tsakanin ramukan biyu. Washegari a zo a fasa sabuwar ƙanƙarar da ta rufe bakin rami, a ciro kifi da hannu tsirara, domin safar hannu ba ta iya warware zare. Ya miƙo mini hannayensa in gani. Yatsun sun kumbura a gaɓoɓi, ba sa miƙewa sosai.

Na tambaye shi ko sana'ar na biya. Ya yi dariya har da tari. Fatar biba ce ta gina kamfanin Hudson's Bay da Sarkin Ingila ya ba izini a 1670, har ta zama ma'aunin ciniki, ana kimanta bindiga da bargo da gatari da yawan fatu, duk don Turawa su sa hular gashinta. Amma tun faɗuwar kasuwa a ƙarshen shekarun 1980 farashi bai koma daidai ba. Babban kamfanin gwanjon fata na Toronto ya durƙushe a 2019, yanzu akasari North Bay ta lardin Ontario ake aikawa. Ya ce in an cire kuɗin fetur da gyaran babur, wata shekarar sai dai a ce an yi motsa jiki.

To me ya sa bai bari ba? Bai amsa kai tsaye ba, sai ya nuna jikansa da haɓa. Kokum ce ta ba da amsar daga inda take zaune. A zamanin iyayensu da nasu, hukuma na kwashe yara daga daji ta kai makarantun kwana na coci, inda ake hana su yarensu. Akwai irin wannan makaranta a La Ronge har ta ƙone a 1947, aka mayar da yaran Prince Albert, nesa da gida. Yaron da ya yi sanyi goma a ɗakin kwanan makaranta ba ya dawowa ya san ƙanƙarar da za ta ɗauki mutum da wadda za ta ci shi. Da yawa sun dawo ba harshe ba sana'a. Shi ya sa yanzu makarantun yankin ke fitar da ɗalibai daji su koyi ɗana tarko, da gyaran kifi, da jimar fatar mus, ƙatuwar dabbar nan da ta fi doki, wadda ake jeme fatarta da ƙwaƙwalwarta a turara da ruɓaɓɓen itace. Kuma layin da aka daina bi, in ji Mushum, shi kamfanin katako ko na ma'adinai ke fara cewa ba mai shi.

Kuɗin da fata ta daina kawowa, shinkafar ruwa na ɗan cike gurbinsa. A hanyar komawa saurayin ya nuna mana wani lungu da ya yi kore shar da ita. An shigo da irinta arewacin lardin a shekarun 1930 don ta zama abincin gafiyar ruwa da agwagwa, masu tarko su samu abin kamawa. Yau ita kanta ake girba a ƙarshen rani da jiragen ruwa masu farfela, a kai masana'antar da ke La Ronge, kuma Saskatchewan ce kan gaba wajen samar da ita a Kanada. Da rani kuma samarin na yi wa baƙi masu fatsa jagora, su kai su inda kifi yake, su soya musu a kan dutse da tsakar rana.

Kafin mu bar La Ronge mun shiga shagon Robertson Trading, inda masu tarko suka yi shekaru suna kai fata su karɓi kaya. Warin fatar da aka turara ne ke fara tarbar mutum a ƙofa. Ga buhunan gari da harsashi da tarkuna a ƙasa, ga fatu da riguna masu adon duwatsu rataye a sama. Na sayi takalmin fatar mus mai gashin biba a baki. Shagon ya rufe a ƙarshen 2023, sannan a watan Yunin 2025 gobarar daji ta shigo gari, aka kwashe mutanen La Ronge da ƙauyukan kewaye kamar yadda aka yi a 2015, ginin ya ƙone.

Da labarin ya iso ni na sa ƙanena ya tambayo mini tsofaffin. Suna lafiya, an kai su Prince Albert har wuta ta lafa. Bukkar ta tsira domin wutar ba ta tsallake lungun ba, amma ɓangaren yamma na layin ya zama toka, kuma matin ba ta zama sai a tsohon daji, don haka an yi sallama da ita a wannan gefen na shekaru masu yawa. Mushum ya ce bana biba zai sa a gaba, ya mayar da sauran tarkunan gabas. Ya riga ya aiki jikan da zarto mai inji ya share itatuwan da suka faɗi a kan hanya kafin ƙanƙara ta sauka.